Madaidaicin Eriya a Gindin Rifita: Magani ko Rufa-Ido?

Jawabin da aka gabatar gaban ɗalibai masu sha'awar rediyo a Gidan Igwai, cikin birnin Sakkwato



Batun da aka ɗora mana mu yi magana a kansa yau ƙarami ne a ido, gama bai wuce wani ɗan akwati da mutum zai iya saɓawa a hammata ba. Amma da kuɗin jama'a za a saye shi, wata rana kuwa ran wani yana iya rataya a kansa, saboda haka ya cancanci a zauna a tattauna. Tambayar ita ce: idan aka kafa rifita a nan Gidan Igwai, sa'an nan aka tarar eriyarta ba ta dace da ita ba, ko daidai ne a sayo madaidaicin eriya a ajiye a ƙasa, a huta da hawan ƙarfe? Amsarmu ita ce a'a, sai fa a wurare ƙalilan da za mu ambata nan gaba. Da yake kuwa taron ɗalibai ne, mun san ba za a karɓi fatawa ba sai da hujja.

Domin waɗanda ba su daɗe da shigowa ba, bari mu fara da ita kanta rifitar. Oba-oba irin ta hannu yawanci ƙarfinta ba ya wuce wat 5, maganarta kuma tafe take kamar haske, tudu ko gini yana tare ta. A sararin da babu shamaki ma, mutum biyu da ke tsaye a ƙasa da ƙyar za su ji juna bayan kilomita 10. Rifita na'ura ce da ake ɗora eriyarta a bisa dogon ƙarfe, ta saurari mai raunin murya, ta maimaita maganarsa nan take da ƙarfi. Akwai lissafi mai sauƙi na sanin iyakar ganinta: a nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da tsawon ƙarfen a mita, sa'an nan a ninka ta da 4.12, abin da ya fito shi ne kilomita. Ƙarfe mai mita 30 zai ba da kusan kilomita 23, mai riƙe da oba-oba ya ƙara nasa 5. Watau daga nan unguwar ana iya sa ran haɗa Dundaye da Wamakko da cikin gari, har a taɓo wajen Kware, gwargwadon yadda tudu da kwari suka yarda.

Wani zai ce, ina amfanin wannan wahala alhali tun 2001 wayar salula ta shigo ƙasar nan? Wanda ya ga watan Satumba na 2010 ba zai yi wannan tambaya ba. A wannan watan ne ambaliyar gulbin Rima ta yanke hanyar da ta haɗa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da gari, aka koma ƙetarewa da jirgin kwale-kwale. Har wa yau a Satumba na 2021 gwamnati ta rufe layukan salula a jihar Zamfara da ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda dalilan tsaro. Ba muna cewa mai rediyo ya tsallake umurnin hukuma ba ne, ko kusa. Sana'ar nan da lasisi ake yin ta, kowane mai ita yana da lambar kira, ta Nijeriya tana farawa da 5N, ta maƙwabtanmu na Nijar da 5U. Abin da muke nufi shi ne, hanya takan yanke, layi yakan ɗauke, rifitar da aka gina domin irin wannan rana kuwa, ranar ce ba ta da damar kurumcewa.

To, mene ne rashin dacewar eriya? Kowace na'ura da kowace waya tana da irin turjiyar da take yi wa wutar rediyo, ana auna ta da om. An daidaita na'urorin sadarwa a kan om 50, ba don lambar tana da wani asiri ba. Bincike ya nuna kebul mai iska a tsakiya ya fi ɗaukar ƙarfi a wajen om 30, ya fi rashin asara a wajen om 77, sai aka yi sulhu a tsakani. Idan na'ura 50 ce, kebul 50, eriya 50, wuta takan wuce sumul. Idan kuwa eriya ta saɓa, sai ta karɓi wani kashi ta koro saura, kamar yadda mai noman rani a fadamar Kwalkwalawa yake gani in ya haɗa babban tiyo da ƙarami, ruwa ya riƙa tokaro inji. Ma'aunin da ke nuna wannan komowa shi ne wanda aka rubuta wa SWR a goshi. Allura a kan 1, babu abin da ya dawo. A kan 1.5, kashi 4 cikin 100 ya dawo. A kan 2, kashi 11. A kan 3, rubu'i cif. Na'urorin zamani da sun ji komowar ta yi yawa sai su rage ƙarfinsu da kansu don kada su ƙone.

Hanyoyin da eriya takan saɓa a garinmu sanannu ne. Mafi yawa ita ce ta kwance. Akan sami eriyar da wani kamfani ya sauke, wadda aka yanka domin wajen megahaz 160, a ce ai eriya eriya ce, a ɗora ta a zangonmu na megahaz 144 zuwa 146. Sandar da ta dace da 145 tsawonta kusan santimita 49 ne, ta 160 kuwa kusan 44 da rabi. Bambancin bai kai tsawon ɗan yatsa ba, amma ya isa. Ta biyu ita ce kebul ɗin dish da ya cika kasuwa, wanda om 75 ne, ko da eriya lafiyayya ce sai ya ɗaga allura zuwa 1.5. Sauran kuwa aikin yanayi ne. Ranar bazara mai wuce digiri 40 ta gasa rigar kebul har ta tsage, ƙurar hunturu ta cusa kai cikin mahaɗi, guguwar farkon damina ta lanƙwasa sanda, sa'an nan ruwa ya zo ya tarar da ƙofa a buɗe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Madaidaicin eriya akwati ne mai nannaɗaɗɗiyar waya da kwandansa waɗanda ake murɗawa. In an sa shi tsakanin na'ura da kebul aka murɗa daidai, na'ura takan ga om 50, allura ta kwanta a kan 1, kowa ya yi murmushi. Lalle ne mu yi masa adalci, gama ba ɗan damfara ba ne. Wani injiniya Ba'amurke, Walter Maxwell, ya rubuta jerin maƙalu a mujallar QST tun daga 1973, daga baya aka tara su cikin littafi a 1990, inda ya warware wani tsohon kuskure. Ya nuna cewa wutar da eriya ta koro ba ɓacewa take yi don ta dawo ba. Madaidaici yakan tare ta a ƙofa ya sake tura ta sama, ta yi ta kai da kawowa har eriya ta shanye. Wannan gaskiya ce, shi ya sa dattawan wannan fanni masu aiki a gajeren zango suke ƙaunar akwatin nan, suna magana da Ingila da Amurka da waya guda da aka ɗaura a bishiya.

Amma a lura da sharaɗin da ke cikin maganar. Mu ɗauka mutum ya aika jaki da buhun gero zuwa kasuwa, mai saye ya ɗebi rabi ya koro saura, wani dillali a ƙofar gida ya sake juya jakin ya koma. In buhun lafiyayye ne, ba a yi asarar kome ba sai tafiya. In kuwa buhun hujajje ne, kowane zuwa da kowace dawowa tsaba ce ke zuba a hanya, dillali kuma bai ɗinke buhu ba, bai sa mai saye ya sake hali ba. Kebul shi ne buhun nan, hujinsa kuwa ƙaruwa yake yi yayin da lambar megahaz ta hau. Asarar da kebul yake yi a 145 ta ninka wadda yake yi a megahaz 7 fiye da sau huɗu. Abin da ya yi wa dattijo aiki a gajeren zango ke nan bai zama hujja a kan rifita ba.

Bari mu sa lambobi, domin a nan ne gizo ke saƙa. A ce ƙarfenmu mita 30 ne, da ragowar da za ta kai ɗaki, kebul ya zama mita 35, irin mai kauri da ake kira RG-213. A zangonmu wannan tsawo yana cinye kusan rabin abin da aka ba shi. Aka zuba wat 25 a ƙasa, eriya lafiyayya za ta sami 12 da rabi. Yanzu a ce eriyar ta lalace har ma'auni zai nuna 5 da a ce a sama aka auna. Mai aunawa a ɗaki ba zai ga 5 ba, 2 zai gani, domin wutar ta rame a hawa, abin da aka koro kuma ya sake ramewa a saukowa. Sai ya ce ai da sauƙi, ya murɗa madaidaici, allura ta kwanta. Abin da ya isa eriya a wannan hali bai wuce wat 8 ba, tun ba a cire ladan da shi akwatin yake ci ba. Sauran 17 sun zama zafi a jikin ƙarfe, alhali daga batir da faifan hasken rana aka tatso su.

Ga wanda ya fi wannan ban tsoro. A ce iska ta tsinke eriyar ɗungum, kebul yana reto babu kome a bakinsa. Ma'aunin ɗaki 3 kawai zai nuna, madaidaici kuwa yana iya mai da 3 ta zama 1 ba tare da gumi ba. Watau ana iya zama a gaban allura mai nuna cikakkiyar lafiya, alhali babu eriya ko kaɗan. In siririn kebul ne, RG-58, wanda araharsa ke jan ɗalibi, ba a ma bukatar madaidaici kafin a ruɗu. Mita 35 nasa yana cinye kusan kashi uku cikin huɗu, ko babu eriya allura ba za ta kai 2 ba. Kallon kitse ke nan ake yi wa rogo.

Duk wannan bayani a kan bakin rifita ne, ba mu taɓo kunnenta ba, shi ne kuwa ya fi muhimmanci. Asarar kebul ba ta san gaba da baya ba. Yadda ta ci abin da ke hawa, haka za ta ci muryar mai oba-oba da ke saukowa. Baki ana iya ƙara masa ƙarfi da kuɗi, amma muryar da ta narke a cikin kebul babu mai dawo da ita. Masu wannan sana'a a ƙasashen waje suna kiran irin wannan tasha kada, watau ƙaton baki, ƙaramin kunne. Mutumin da ruwa ya tare a ƙauye zai ji rifita rangaɗaɗau, ya yi ta kira, ita kuwa ba ta san yana yi ba.

Bugu da ƙari, rifita ta bambanta da oba-oba ta fuska guda, ita ce tana magana tana sauraro a lokaci ɗaya, da eriya ɗaya. A tsarin yankinmu na Afirka da Turai, tazarar kilohaz 600 ce tsakanin biyun, misali ta saurara a 145.000, ta yi magana a 145.600. Ƙarfin bakinta ya ninka muryar da take ƙoƙarin ji sau biliyan goma, a sake ninkawa sau miliyan, har da ɗoriya. Kamar a ce mutum ya ji faɗuwar allura ne yana tsaye a gindin tambari ana dukansa. Abin da ke sa wannan ya yiwu shi ne duflesa, wasu manyan gwangwanayen ƙarfe huɗu ko shida da aka jera, masu tace sauti su hana baki toshe kunne. Ana bukatar su danne shi sau miliyan ɗari ko fiye, watau desibel 80 zuwa 90. Gwangwanayen nan kuwa a kan om 50 aka saita su, a lambobin nan biyu duka. Madaidaici lamba guda yake gyarawa sosai. Kebul mai mita 35 ya ƙunshi igiyoyin rediyo fiye da 20 a jere, saboda haka ɗan matsin nan na kilohaz 600 ya isa ya sake fuskar turjiyar da ake gani a ƙasa idan saɓanin eriya babba ne. Sai a gyara wa baki, a bar kunne a karkace, saitin gwangwanaye ya goce, rifita ta shiga kurumtar da kanta da kanta. Gyaran gangar Abzinawa ke nan.

Akwai kuma ƙananan illoli da za mu ratsa da sauri. Yawancin madaidaitan da ake sayarwa na gajeren zango ne, daga megahaz 1.8 zuwa 30, a 145 ba su da amfani ko na anini. Masu saita kansu da kansu sukan tashi neman saiti ana tsakiyar magana. Rifita takan yi ta aiki ba hutu in hira ta yi daɗi, akwatin da aka ƙera domin magana jefi-jefi kuwa zafi zai yi, balle a ɗakin kwano a watan Afrilu. Eriya mai tsawo da aka ɗora a lambar da ba tata ba takan karkatar da haskenta sama ko ƙasa maimakon ta miƙe shi zuwa ƙauyuka, wannan kuwa babu murɗin da zai gyara shi daga ɗaki.

Amma illar da ta fi damunmu ita ce ta ɓoye ciwo. Hawan allura alama ce, kamar zazzaɓi. In dalilinsa tsatsa ne a mahaɗi, to, tsatsar nan ba zama kawai take yi ba. Inda ƙarfe biyu suka haɗu da tsatsa a tsakani, wutar baki takan tartsatsa ta haifi ƙara, ƙarar ta faɗo daidai kan lambar kunne, ta bi ƙofar da duflesa ta bari a buɗe domin masu kira. Shi ya sa za ka ji rifita tana ƙarƙara duk lokacin da iska ta kaɗa ƙarfe. In kuwa ruwa ne ya shiga kebul, saitin da aka yi a watan Fabrairu ba zai kai Agusta ba. Ruwan sama da ambaliya a wata guda suke zuwa, ke nan ranar da aka fi bukatar na'urar ita ce ranar da saitin ƙarya zai watse.

To, ina ne wurin madaidaici na halal? Na farko, a sama, a gindin eriya, kafin wuta ta shiga kebul. Gidajen rediyo masu matsakaicin zango haka suke yi, za ka ga ɗan ɗaki a gindin hasumiya, a can na'urar daidaitawa take, ba a ɗakin watsa shiri ba. A zangonmu abin bai kai ɗaki ba, ɗan guntun ƙarfe ne mai zamewa a jikin eriya, ko guntun kebul da aka yanka bisa awo. In aka daidaita a can, dukan mita 35 ɗin sai su zauna lafiya a om 50. Na biyu, akwai wani ɗan ƙaramin madaidaici da ƙwararru sukan sa tsakanin bakin rifita da duflesa, amma wannan gyaran cikin gida ne, ba ruwansa da ciwon eriya. Na uku shi ne lalura. Guguwa ta karya eriya, an ɗaura wata ta wucin gadi, kebul gajere ne mai kyau, an auna a sama an ga saɓanin bai wuce 2 ba, an kuma san dalilinsa tsawon sanda ne ba tsatsa ko ruwa ba. A nan ana iya sa madaidaici wanda aka ƙera domin wannan zango, mai rufaffen jiki, a rubuta ranar cire shi a jikin bango. Mun ce a rubuta, domin mun san halin mutanenmu da abin wucin gadi.

Wanda duk ya ce zai kula da rifita, hawa ya kama shi. A zaɓi safiya mai sanyi wadda babu hadari, a kashe na'ura, a ɗaura ɗamarar tsaro, a dubi inda wayoyin lantarki suka bi, kada kuma mutum ya hau ba kowa a ƙasa. A sama za a kwance kebul a auna eriya ita kaɗai. A da wannan aiki sai mai manyan kayan awo, amma tun wajen 2019 wata 'yar na'ura mai suna NanoVNA ta bazu, tana shiga aljihu, tana kuma nuna lambar da eriya ta fi so. In ta nuna 160, an san sanda ta gaza, a ƙara mata. In ta nuna ƙasa da 144, a rage da kaɗan-kaɗan, gama abin da zarto ya ci ba ya dawowa. Daga nan a gwada kebul. A ɗaura masa eriyar ƙarya a bakinsa na sama, watau ɗan dunƙulen om 50 mai shanye wuta, a auna wat nawa ya shiga, nawa ya fito. Kebul ɗin da aka fere aka ga zarensa ya yi kore ko baƙi, ya gama aiki, kada a yi masa kara. A wajen mahaɗi, irin wanda ake kira N ya fi PL-259 tsare ruwa. A naɗe shi da tef ɗin roba mai narkewa ya haɗe da kansa, a rufe da baƙin tef saboda rana, a kuma bar ɗan lanƙwasa a kebul kafin ya shiga ɗaki domin ruwa ya ɗiga a waje.

Dangane da kuɗin da aka yi niyyar kashewa, shawararmu ita ce a haɗa shi da abin da ya samu a nemi kebul mai ƙarfen jiki, na rabin inci, irin wanda ake gani a jikin hasumiyoyin kamfanonin waya. Mita 35 nasa kashi ɗaya cikin biyar kawai yake ci. Wat 25 ɗin nan da ya koma 8 sai ya zama 20, kunne kuma ya sami irin wannan riba, ba a ƙara ko faifan rana guda ba.

Bayan an sauko akwai gwaji na ƙarshe, wanda ba ya bukatar kome sai kunnen mutum. A aika wani ɗan'uwa da oba-oba can nesa, inda muryarsa ke isowa da ɗan shuu. Yana cikin magana sai a kashe bakin rifita, a saurare shi ta lasifikar ɗaki, a sake kunnawa. In shuu ɗin ya ƙaru da aka kunna, rifita tana toshe kunnenta, aiki bai ƙare ba, kome kyaun abin da allura ta nuna.

Sa'an nan a ajiye littafi a ɗakin, kowane mako a rubuta abin da ma'auni ya nuna da irin yanayin garin. Wanda zai karanta littafin nan ya kula da abu guda. Hawan allura ba shi kaɗai ne abin tsoro ba. In aka ga lambar tana sauka da kanta wata bayan wata, daga 1.5 zuwa 1.3 zuwa 1.1, alhali ba wanda ya hau ya taɓa kome, kada a yi murna. Eriya ba ta warkar da kanta. Kebul ne yake ruɓewa, yana cinye abin da ya kamata ya dawo ya ba da labari, sai a nemi tsani.

Shugaban taro, a nan za mu dakata domin a sami lokacin tambayoyi.